Muciya da Reza

Ƙanin mijina ya ɗauki maganata ya kai gidan rediyo, ya sa ta a bakinsa, bai ce tawa ba ce. Laifinsa ke nan, kuma ban taɓa rage masa shi ba. Yanzu ya tsufa, haƙora sun zube, jikokinsa suna cewa in bar zancen. Ba zan bari ba. Wanda aka ɗauke wa akuya ana taya shi cigiya, amma wanda aka ɗauke wa magana sai a ce ya yi haƙuri, wai ai iska ce. To, tawa ba iska ba ce.

Waɗanda suka san ni daga baya, lokacin da nake gabatar da shirin musun wasanni duk mako, suna zaton a Kaduna na koyi aikin. Har akwai wanda ya taɓa rantsuwa a gabana, bai san ni ce ba, cewa wai ƙasar waje aka tura matar nan aka horar da ita. A tashar Birnin Gwari na koya, a gaban tukunyar tuwo, kuma malamina na farko makaho ne.

Baba ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa. Ƙauyenmu yana cikin daji, kusa da kogi, kuma ciwon idon nan da ke bin mutanen bakin ruwa ya cinye ganinsa tun ina 'yar yarinya. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Da kaka, in an gama shigar da dawa aka fara kiɗa a dandali, ba mai iya riƙe shi a gida. Ni ce mai jan sanda. Sai in kai shi sahun gaba in zaunar, in durƙusa daidai kunnensa.

Da farko ban san abin da yake so ba. Sai in ce, "Baba, an kayar da na Randagi."

Sai ya murɗe mini hannu. "Wannan ko jaki ya ji guɗa ya san an yi kaye. Ina ƙafarsa ta hagu take kafin ya faɗi? Wa ya fara kai hannu ƙugu? Wane ne numfashinsa ya fara fita ta baki? Ki ba ni kokawar, Uwata, ba gawarta ba."

Haka na daina kallon fuska na koma kallon ƙafa. Na koyi yadda ake faɗin abu yana cikin faruwa, ba bayan ya wuce ba. Kafin a jima sai na lura maza masu ido biyu lafiyayyu suna matsowa kusa da tabarmarmu, suna kallon fili, kunnuwansu na wajena. Ba wanda ya taɓa cewa sannu. Amma suna matsowa.

Na yi aure, na haifi 'ya'yana, muka koma sabon gari, bakin hanya. Maigidana mai tsaga katako ne, yakan shiga daji ya daɗe, kuma ko yana gida maganarsa ba ta cika cokali. Ni kuwa na kafa rumfar tuwo a tasha. Manyan motocin da ke zuwa daga kudu a nan suke tsayawa direbobi su ci abinci su sha iska kafin su ƙarasa dajin, masu sauka daga Kaduna ma haka. Na ɗauko Baba na shimfiɗa masa tabarma a gefen rumfa. Maigida ya sayo akwatin rediyo, muka rataye shi a jikin azara da igiyar rama.

To, inda duk aka haɗa maza da tuwo da rediyo, an haɗa musu. Kokawa, dambe, daga baya kuma ƙwallo ta shigo, mutumin da bai taɓa taka filin ƙwallo ba sai ka ji yana koya wa mai tsaron gida aikinsa. Wata rana musu ya yi zafi tsakanin wani direba da ɗan kamasho, suka miƙe, ƙafar ɗaya ta kifar mini da tukunyar miyar kuɓewa. Na tsaya ina kallon miyata tana bin ƙasa. Na zaro muciya daga tukunyar tuwo, da sauran tuwo a jikinta, na ce daga yau a rumfar nan wanda na nuna da wannan shi ke magana. In na buga bakin tukunya, ya gama. Wanda ya yi magana ba muciya, ba ƙarin miya.

Suka yi dariya. Ran nan mutum uku suka ci tuwo gaya, washegari ba wanda ya yi dariya.

Da muciyar nan na gane cewa musu ma sana'a ce. Ba a fara nuna mai babbar murya, in ba haka ba ya cinye fili. Wanda hujjarsa ta fi rauni shi ake farawa da shi, don sauran su ji ƙaiƙayi. Wanda ya yi shiru a lungu yana ta suɗe kwano, sau da yawa shi ke riƙe da maganar da za ta juya zance, sai an kira shi. Kuma ba a barin kowa ya yi nasara duka, domin wanda aka kayar ƙasa warwas ba ya dawowa gobe. Kullum in za a tashi nakan ce musu, musu ba a kashe shi, rufe shi ake yi da toka, gobe a hura.

Ƙanin mijina a lokacin malamin firamare ne, makarantarsa ba ta da nisa da tasha, kuma a rumfata yake cin na rana. Akwai wasa tsakaninmu kamar yadda aka sani. Yana ce mini matar yaya, ina ce masa ɗan alli, don kullum hannun rigarsa fari fat. Yana da murya, wannan ba zan hana shi ba, kuma ya san ƙwallo fiye da duk wanda ke zama a rumfar. Da ya sami aiki a gidan rediyo, ɗaukar kaya ya fara da shi, yana bin manya da akwatin ɗaukar magana a kafaɗa. Daga nan aka bar shi ya karanta sakamakon wasanni. Daga nan aka ba shi ɗan shiri nasa. Ranar da muka fara jin muryarsa na rangaɗa guɗa har awakin tasha suka watse, na ciyar da duk wanda ke wurin.

Sai wata la'asar, yana bayanin wata kokawa da aka yi can wani gari, na ji ya ce ɗaya ya dasa ƙafa kamar turmi, ɗayan yana zagaya shi kamar kaza ta ga maciji. Hannuna ya tsaya a kan marar kwasar tuwo. Wannan maganata ce, ni na yi ta ga Baba. Da zai rufe shirin sai ya ce, "Jama'a, musu ba a kashe shi, rufe shi ake yi da toka, mako mai zuwa a hura."

Direbobi suka juyo suna kallona. Baba ya ɗaga kai wajen rediyo ya ce, "Uwata, yaushe kika yi gemu?"

Haka aka ci gaba, mako bayan mako. Ina tuƙa tuwo ina jin kaina daga Kaduna da muryar namiji. Mutane suna yaba masa iya magana.

Da ya zo gida hutun salla, sai da ya gaida kowa a tasha kafin ya iso rumfata. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

"Matar yaya, ina gajiya? A zuba mini na gefen tukunya."

"Ɗan alli, kaya na zo karɓa. Ina maganata?"

"Haba dai. Magana ai ba saniya ba ce da za a ce ga shaidar mai ita a cinya."

"Tawa tana da shaida. Tambayi Baba."

Baba ya ce, "Ni makaho ne, ba kurma ba."

Ɗan alli ya zauna, ya wanke hannu, ya daina dariya. Ya ce, "To ki saurara. In na ce wata mai tuwo a tasha ce ta faɗa, wa zai ɗauke ni da daraja? Shirin wasa na maza ne, ba a taɓa sa mace ba. Kuma ko sun yarda, can ba a shiga sai da karatu. Ke kuwa sau nawa malamar yaƙi da jahilci ta zo rumfar nan kina kora ta?"

Gaskiya ne, tana zuwa. Wata matashiya ce mai haƙuri, tana koyar da matan aure da la'asar a ajin firamare in yara sun tashi. Duk zuwanta sai ta ce mini rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa in ce mata tuwo ba ya neman alli, in zuba mata ta ci ta tafi.

Da cikinsa ya ɗauka sai bakinsa ya buɗe, ya shiga ba direbobi labarin aikinsu. Ya ce maganar da aka ɗauka a kan wani siririn zare take zama, mai kama da tsumagiyar fata, yana naɗe a faifai. In mutum ya yi tari, ko ya yi ɓaramɓarama, sai a nemi wurin a sa reza a yanke, a liƙe baki da baki, ba mai ganewa.

Wani direba ya ce, "Ashe kuna iya cire mutum ɗungurungum."

Ɗan alli ya ce, "Kamar ba a haife shi ba. Gurbi kawai muke nema, inda wannan ya yi shiru kafin wancan ya fara. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin reza, in murya biyu suka hau kan juna. Nan kam sai dai a bar su tare ko a zubar da su tare."

Ina kwashe tuwo, ban ko ɗaga kai ba. Amma na ajiye wannan magana inda nake ajiye daddawa.

A shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama, direbobi suna ta rikicewa a kwana, aka yi wata kokawa da kaka da ta raba ƙasarmu biyu. Gwanin Kuyello, wani ƙato mai wuya kamar gungume, ya kara da wani manomi ɗan Gbagyi daga Kusasu, siriri, wanda in ka gan shi a gona ba za ka ce ya iya ɗaga buhu ba. Ina wurin, Baba na gefena. Sun daɗe suna juyi. Na Kusasu ya sa ƙafa ya taɗe, na Kuyello ya tangaɗa ya yi ƙasa-ƙasa, sai kuma ya taso da shi gaba ɗaya ya maka da ƙasa. Makaɗa suka ɓarke. Amma mutanen Kusasu suka shigo fili suna cewa gwiwar ƙaton ta taɓa ƙasa kafin ya taso, kuma kowa ya sani a kokawa wanda gwiwarsa ko tafinsa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Alƙalin wasa yana ta bayansu, bai gani ba. Ni kaina, da duk kallon ƙafar da na iya, ƙura ta tare ni. Na gaya wa Baba gaskiya, na ce ban gani ba.

Musun nan ya ƙi mutuwa. Aka yi shi a kasuwa, aka yi shi a wurin suna, aka yi shi a bakin rijiya. Direbobi suka ɗauke shi kamar kaya suka kai Tegina, suka kai Funtuwa, har ya isa gidan rediyo. Sai ga ɗan alli da akwatinsa. Ya san 'yan kokawar biyu ba za su zauna inuwa ɗaya ba sai a rumfata, don dukansu tuwona suke ci ranar kasuwa, kuma dukansu suna tsoron muciya.

Bai ɓoye mini ba, wannan ma na ba shi. Ya ce, "Matar yaya, ki tara mini su, ki riƙe musu linzami yadda kika saba. Amma in gaya miki tun yanzu, in na koma za a cire muryarki, in sa tawa a gurbin. Ba ni na kafa ƙa'idar ba."

Na ce, "To."

Maigidana yana zaune yana wasa zarto. Bai ɗaga ido ba ya ce wa ƙaninsa, "In ta ce to ba gardama, ka duba bayanka." Maganarsa ta wannan makon ke nan.

Ranar kasuwa bayan azahar rumfa ta cika har bakin hanya. Na Kuyello a dama da mutanensa, na Kusasu a hagu da nasa, Baba a tsakiya a kan tabarma, makaɗi ɗaya a baya da kalangu. Na kira wani Bafulatani makiyayi da aka ce ya kalli kokawar daga kan bishiya. Ɗan alli ya ajiye akwatinsa a kan benci, ya toshe kunnuwansa da abin ji, ya miƙa abin magana a tsakiya, ya ɗaga mini yatsa.

Na nuna na Kusasu da muciya. Ya fara da Hausarsa mai daɗin nan ta mutanen Gbagyi, yana cewa shi ya ji a jikinsa lokacin da ƙaton ya sauka. Bai rufe baki ba, kalmarsa ta ƙarshe tana kan harshensa, na hau kanta: "Ya ji a jikinsa, in ji na Kusasu, to kai mai gwiwar me ka ji?" Kuma ban saki tawa ba sai da na Kuyello ya fara tasa, na raka shi taki biyu kafin na bar shi.

Ya ce, "Inna, gwiwata tun da aka yaye ni ba ta taɓa ƙasa ba sai a salla."

Na Kusasu ya ce, "To ran nan ka fara tun ladan bai kira ba."

Rumfa ta tuntsire, har na Kuyellon ya kasa riƙe fuska. Cikin dariyar na shiga, ban jira ta lafa ba, na buga bakin tukunya na ce wanda ya yi magana ba muciya ya san hukuncinsa, amma yau na yafe don ta yi daɗi. Haka na yi ta yi. Duk inda magana za ta ƙare, ina can. Duk inda wata za ta fara, ina can. Kamar yadda ake ɗinkin ƙwarya, ban bar tsaga ko ɗaya ba zare ba.

Can na ga ɗan alli ya ɗago kai. Ya dube ni, ya dubi faifan da ke juyawa, ya sake dubana. Yatsansa yana kan abin tsayarwa, ina gani. Da ya danna, da ya ce a sake, kuma da mutane sun bi shi, don shi ne mai akwati. Bai danna ba. Sai ma ya ɗan karkato da abin maganar wajena.

Na nuna Bafulatani. Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce shi yana kan reshen ɗorawa, kuma ya ga ƙura a gwiwar na Kuyello.

Mutanen Kusasu suka fara murna. Na ce, "Tsaya. Ƙurar ƙasa ce ta kama gwiwar, ko ta iska ce ta sauka a kai?"

Ya yi shiru kaɗan, ni kuwa na cike shirun da maimaita tambayar. Ya ce, "Inna, ƙurar ba ta gaya mini garinsu ba."

Na Kuyello ya ce a ba Bafulatanin nono a madadinsa. Na juya ga Baba, na ce ga tsohon ɗan kokawa, a ji ta bakinsa. Baba ya gyara zama.

"Ni dai ban gani ba," in ji shi. "Kuma duk taron nan ni kaɗai ne na yarda ban gani ba. Amma zan tambaye ka, ɗana na Kuyello. In ka tabbata ba ka taɓa ba, me ya hana ka kirari bayan kaye? An ce shiru ka yi ka fita."

Ƙaton ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wallahi ni ma ban sani ba. Na ji sanyi a gwiwa, amma ko ƙasa ce ko gumi, ban sani ba."

A nan wani zai ce an gama, a ba na Kusasu. Mutanensa har sun miƙe. Amma na ga idon ƙaton, na san in aka tashi a haka ba zai ƙara shiga fili ba, kuma mutumin da ya faɗi gaskiya a gaban jama'a bai kamata ya tafi da kunya ba. Na nuna na Kusasu na ce, "Kai, nasarar da aka samo da bakin wani ta ishe ka, ko kana son wadda za ka ɗauka da hannunka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, kaka mai zuwa. A share fili, a yayyafa ruwa, kada ƙura ta sake yin shaida."

Suka tafa. Mai kalangu ya saki kiɗa. A kan kiɗan, a kan tafin, a kan hayaniyar, na ɗaga murya na faɗi maganata da bakina: musu ba a kashe shi, rufe shi ake yi da toka, da kaka a hura.

Da jama'a suka watse, ɗan alli yana naɗe wayoyinsa, ya ce, "Matar yaya, kin san abin da kika yi?"

"Tuwo na tuƙa."

"Ba inda reza za ta shiga. Ko tsinin allura ba ki bari ba."

"Sai ku zubar duka."

"Suna iya zubarwa, su haɗa da ni. An aiko ni in kawo abu, na kawo wani."

Wannan ta taɓa ni, ba zan ce ba ta taɓa ni ba. Yana da mata da jariri a Kaduna. Amma na ce masa, "Da ka tsayar."

Ya rataya akwatin a kafaɗa. Ya ce, "Da na tsayar, da na zubar da shirin da ya fi duk wanda na taɓa ɗauka. Ni ma na san aikina." Ya hau mota ya tafi.

Muka jira. Mako ya zo, shirinsa ya fito, ƙwallo kawai ya yi, bai ce uffan ba. Wani makon ma haka. Direbobi suka fara yi mini tsiya, suna cewa Inna, reza ta ci muciya. Na ce su ci tuwonsu. Amma na daina kallon rediyon in ana shirin, sai in ba shi baya.

Sai wata Asabar wani direba ya sauko daga Kaduna ya ce an ce a gaya mini in sa sabon batir. Kafin la'asar labari ya zaga. Masu kayan miya suka bar tirensu, mahauta suka zo da wuƙaƙensu a hannu, na Kusasu ya zo a kan keke daga gona da laka a ƙafa. Aka sauko da rediyon daga azara aka ɗora a kan turmi.

Muryarsa ta fito. Ya ce, "Jama'a, yau ba ni ne mai shiri ba. Mai shirin matar yayana ce, mai tuwo a tashar Birnin Gwari, wadda a gaban tukunyarta na koyi rabin abin da kuke ji a bakina."

Rabi, in ji shi. Na bar masa saboda ranar farin ciki ce, amma ban manta ba.

Daga nan sai ƙarar muciya a bakin tukunya, sai ni. Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Ashe haka take, da kaushi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ban ji kunyarta ba ko kaɗan. Ba su cire komai ba, har tarin Bafulatani yana nan. Duk inda aka yi dariya a cikin akwati, tasha ta sake yin ta a waje, har wanda aka yi wa dariyar. Matan kasuwa da ba su taɓa tsayawa sauraren zancen kokawa ba suka yi ta guɗa, wata tsohuwa mai daddawa tana cewa, "Ku ji ta, ku ji ta tana ba maza izinin magana."

Baba ya lalubo hannuna ya riƙe, daidai inda yake murɗewa da. Ya ce, "Uwata, ke ce nan, ke ce can?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"To yau kin ba duk makafin ƙasar nan kokawa."

Ran nan tuwona ya kama, abin da bai taɓa faruwa ba. Aka cinye shi da ƙauri, ba wanda ya yi ƙorafi.

Kafin magariba sai ga ɗan alli ya sauko daga mota, ashe yana hanya ana sa shirin. Ya ce sai da ya yi ta fama kafin shugaban sashensu ya yarda ya saurara, da ya saurara kuma ya sa aka sake juya masa. Yanzu suna so a riƙa yi a kai a kai. Za a fara da ɗauka a rumfa, in ya karɓu a kai ni ɗakin watsa shiri in zauna da baƙi.

"Sai dai abu ɗaya," in ji shi. "Can akwai takarda. Sunayen 'yan wasa, garuruwa, wa ya ci wa. Amma kada ki damu, ina gefenki, zan riƙa karanta miki a kunne kina faɗa."

Na ce, "Wato maganarka a bakina."

"Ai taimako ne."

"Mun yi wannan, ɗan alli. Ta ɗaya gefen muka yi, kuma ka ga yadda ta ƙare."

Ya yi dariya, ya juya ga Baba yana neman mai goya masa baya. Baba yana tauna goro a hankali. Ya ce, "Na daɗe ina gani da idon wani. Idon kirki ne, ban raina ba. Amma da a ce akwai ajin da ake mayar wa mutum da nasa, da rarrafe zan tafi."

Na kwashe kwanoni na wanke.

Da gari ya waye ban hura wuta ba. Direbobin farko suka tarar da murhu a sanyaye, na ce su nemi koko. Na ɗauki muciyata na bi ta bayan makarantar firamare zuwa gidan malamar yaƙi da jahilci. Na same ta tana shara, da goyo a baya. Ta miƙe da tsintsiya a hannu.

"Inna, lafiya da sassafe? Jiya mun ji ki."

"Allon nan da kike bi na da shi, ɗauko."

"Ai aji sai la'asar, Inna."

"Na la'asar na masu haƙuri ne. Ni yanzu na zo."

Ta shiga ɗaki ta fito da allo da guntun alli. Na kifa turminta na zauna a kai, na ɗora muciya a cinya, na miƙa hannu na karɓi allin.